Allurar Toka

A shekarar alif ɗari tara da hamsin da shida, duk baƙon da ya shiga kasuwar Bebeji yana neman dawa mai kyau, rumfar Balaraba ake nuna masa. Mace ce gajera, ta ba hamsin baya, mai kakkaurar murya wadda ko gaisuwar mutuwa ta je sai an ji ta daga zaure. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana zaune a gidan babban ɗanta Maikano, wanda yake ɗinki a bakin kasuwa. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, Tela take ce masa kamar yadda kowa yake faɗa.

Ɗaki biyu gare ta a sashenta, ɗaya na kwana, ɗaya na buhunan hatsi. Mai gadin buhunan nan wata mage ce mai launin toka, shi ya sa ma Toka ya zama sunanta. Shekara tara suna tare, kuma a cikin shekarun nan Balaraba ba ta taɓa ɗinke buhun da ɓera ya huda ba.

Da bazara ta shigo a wannan shekara, sai magen ta canza. Ta koma gindin randa da zama. A cika mata kasko da ruwa ta shanye, a ƙara ta shanye. Ci kuwa kamar an aiko ta, amma kullum ramewa take yi, har ƙashin bayanta ya fito ana ƙirgawa da yatsa. Abin da ya fi ɗaure wa Balaraba kai shi ne kiyashi. Duk inda Toka ta yi fitsari a bayan ɗaki, kafin a jima wurin ya yi baƙi da su.

Akwai wani mai saye a wurinta, Malam Mainasara, malamin dabbobi ne da yake zagaya rugage daga Kiru har Tudun Wada da Doguwa yana yi wa shanu allura. Ranar kasuwa ya tsaya da kekensa a bakin rumfarta, tana auna masa gero take ba shi labari. Da ta zo kan kiyashi sai ya daina murmushi.

"Inna, za ki iya taro mini fitsarinta? Ko cikin cokali ne."

"Fitsarin mage?"

"Shi fa."

Washegari rabin yini ta yi tana bin Toka da murfin langa kafin ta samu. Da la'asar Malam Mainasara ya zo gidan, ya zauna a kan tabarma, ya buɗe akwatin aikinsa. Ya zuba wani shuɗin ruwa a wata siririyar kwalba, ya ɗiga fitsarin a ciki, ya kara a kan wuta. Balaraba tana kallo ruwan ya zama kore, ya zama rawaya, daga nan ya rikiɗe ya yi ja kamar jar ƙasa.

"Ciwon sukari ne," in ji shi. "Irin wanda yake kama mutane. Abin da ta ci ba ya zama a jikinta, zaƙin yana bin fitsari yana fita."

"To, mene ne maganinsa?"

"Ba ya warkewa, Inna. Akwai wani ruwa, insulin sunansa, ana samu a kantin magani a Kano. Allura ake yi kullum, har ƙarshen rai. Lokacin da muke makaranta na ga an yi wa karen wani Bature, amma ni ban taɓa yi wa mage ba. Gaskiya shawarata ki bar ta. Ta tsufa. Ki ba ta abin da take so, wata ɗaya ko biyu Allah zai yi ikonsa."

Balaraba ta dubi magen, tana kwance a gindin randa da haɓarta a bakin kasko.

"Karen Baturen nan, ya rayu?"

"Ya rayu, sai dai..."

"Da me ya fi ta?"

Malam Mainasara ya yi dariya, ya ce akwai wahala, akwai kashe kuɗi, kuma shi ba mazauni ba ne, yau yana nan gobe yana Doguwa, wa zai riƙa yi mata allurar?

"Ni," in ji Balaraba. "Hannun da ya yanke cibiyar rabin yaran unguwar nan ba zai kasa tsira allura ba. Ka koya mini."

Ta sayar da ragon da take kiwo saboda layya. Bayan kwana shida Malam Mainasara ya dawo daga Kano da wata 'yar kwalba da ba ta kai tsawon babban yatsa ba, da sirinji na gilashi cikin gwangwani, da allurai uku.

Kwana uku ya yi yana zuwa da safe yana koya mata. Za ta dafa sirinjin da allurar a sabuwar tukunya, ba wadda miya ta taɓa shiga ba. Ruwan kwalbar fari ne kamar tsala, kuma yana kwanciya a ƙasa, don haka sai ta murza shi a hankali tsakanin tafukanta, kada ta jijjiga. Za ta zuƙo shi zuwa layi na biyu a jikin sirinjin. Da yake ba ta karanta lamba, sai ya ɗaura baƙin zare a daidai wurin. Sannan ta kamo fatar bayan wuya ta ɗaga, ta soka a ƙarƙashinta. Ya sa ta gwada a jikin lemon tsami har sau ashirin kafin ya bari ta taɓa magen.

"Zafi yana kashe ruwan nan," ya ce. "Ina za ki ajiye shi?"

Ta ɗauko ƙaramin tulu, ta cika shi da jiƙaƙƙen yashi, ta binne kwalbar a ciki, ta tura shi ƙarƙashin randa inda ruwa yake tsattsafowa. Ya sa hannu ya ji sanyin, ya ɗaga kai ya dube ta.

"Wannan ya yi. To, saura abu biyu. Ba tuwo, ba fura, ba kunu. Nama, kifi, ƙwai. Kuma kada ki taɓa yi mata allura sai ta ci ta ƙoshi. Idan maganin ya yi mata yawa za ki ga tana tangaɗi. Ki ajiye zuma kusa, ki shafa mata a dasashi, washegari ki rage rabi."

Ya bar mata shuɗin ruwan gwaji da siririyar kwalbar, ya hau kekensa ya nufi Doguwa, inda zai yi wata guda.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama Bebeji. Mahautan da take sayen huhu da tumbi a wurinsu su suka fara yaɗa shi. Mata suka riƙa shigowa da sunan gaisuwa don su ga yadda ake yi wa mage allura. Balaraba ba ta kori kowa ba, ba ta kuma ɓoye komai ba. A tsakar gida take shimfiɗa tabarma ta yi abinta, wadda ta yi dariya ta ce mata ta matsa tana tare mata haske.

Toka kuwa ta fara dawowa. Ta rage zaman gindin randa, gashinta ya kwanta, kiyashi suka ragu.

A rana ta goma sha biyu aka samu matsala, kuma laifin Balaraba ne, ba ta taɓa musun hakan ba. Da safe magen ta shinshina naman ta lasa sau biyu ta juya. Balaraba ta ce a ranta wataƙila allurar ce za ta buɗe mata ciki, ta yi mata. Da hantsi tana sheƙar dawa sai ta ga Toka ta fito daga ɗakin buhuna tana haɗa hanya, ta yi karo da turmi, ta faɗi gefe ɗaya ƙafafunta suna karkarwa.

Rabi, matar Maikano, ta saki muciya ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Inna, ta mutu!"

"Rufe mini baki ki miƙo zuma!"

Balaraba ta durƙusa, ta buɗe bakin magen da yatsa, ta shafa zumar a dasashi. Ta sake shafawa. Tana ta salati a fili. Can sai karkarwar ta lafa, idon magen ya dawo daidai, ta zaro harshe ta lashi yatsan. Balaraba ta zauna daɓas a ƙasa. Washegari ta kwance baƙin zaren ta mayar da shi layi na ɗaya, kuma daga ranar sai ta ga kwano ya zama wayam kafin ta taɓa sirinji.

Da yamma Maikano ya shigo sashenta, ya tsuguna a bakin ƙofa. Mutum ne mai sanyin hali, mai gudun magana, kuma kwanakin nan magana ta yi masa yawa. A rumfarsa abokan hira suna tambayarsa yaushe zai ɗinka wa ƙanwarsa mai wutsiya rigar salla.

"Inna, don Allah ki bar abin nan haka. An mai da mu abin dariya. Rabi ta ce yau ma kusan kashe ta maganin ya yi."

"Ba maganin ba ne, ni ce. Na kuma gyara."

"Mutane suna cewa ga bayin Allah nan suna mutuwa ba magani, ke kin sayar da ragon layya saboda mage."

"Wa ya faɗa? Shi mutum nawa ya kai asibiti? Ka ce masa ya kawo mini marar lafiyar, in dafa masa abinci in yi jinyarsa. Amma a gidan nan, yau, marar lafiya ɗaya na gani, ga ta can. Shekara tara tana tsare hatsin da kake ci."

"Inna..."

"Ragon nawa ne ko naka?"

Ya tashi ya fita.

Bayan kwana huɗu, ranar kasuwa, Balaraba ta yi allurar safe ta tafi rumfarta. Da ta dawo bayan la'asar ta kira Toka, shiru. Ta duba ɗakin buhuna, ta duba bayan randa, ta leƙa kan katanga. Da ta juyo ta ga Rabi tana tsaye tana murza bakin zaninta, ba ta ma tambaye ta ba, kallonta kawai ta yi. Rabi ta fashe da kuka. Ta ce maigidan ne ya dawo da azahar, ya sa magen a buhu, ya ɗaura a bayan keke, ya kai ta Kwanar Dangora ya saki a inda motoci suke tsayawa. Ya ce can akwai masu abinci, ba za ta rasa abin ci ba.

Balaraba ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba Rabi tsoro ke nan. Maikano ya dawo ya yi sallama a ƙofarta, ta amsa sallamar, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Tana idar da sallar asuba ta jiƙa yashin tulun, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, ta sa a ƙwarya tare da gwangwanin sirinji da tukunyarta da zuma da dafaffen huhu. Ta kulle ɗakunanta biyu, ta ɗora ƙwaryar a ka, ta kama hanya a ƙasa. Rana ta bazara ta buɗe tun da wuri. Duk rijiyar da ta tarar a hanya sai ta tsaya, ba don ta sha ba, don ta ƙara wa tsumman ruwa. Wani mai jaki ya ce ta hau ya rage mata hanya, ta ce jaki zai jijjiga mata kaya.

Ana kiran azahar ta isa Kwanar Dangora. Motocin gyaɗa da na fasinja suna tsaye a gefen titin Kano zuwa Zariya, direbobi suna cin abinci a inuwa. Ta bi masu talla ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko sun ga wata mage mai launin toka, ramammiya. Wasu suka ce ba su gani ba, wasu suka yi mata kallon wadda rana ta taɓa. Sai wata Bafillatana mai tallan nono, Halima, ta kira ta.

"Jaɓɓama, sannu da zuwa, Inna. Mai shan ruwa da yawa? Tun jiya take kuka a nan. Na dama mata fura ta sha, ban san tana da mai ita ba. Ga ta can ƙarƙashin mataccen lorin can."

Balaraba ta sauke ƙwarya, ta durƙusa ta leƙa. Toka tana kwance a jikin taya, gashinta duk baƙin mai. Ta kira ta sau ɗaya. Magen ta ɗaga kai, ta ja jiki ta fito a hankali, ta sa kanta cikin tafin Balaraba.

"Furar nan ba ta yi mata ba," Balaraba ta ce da Halima, "amma Allah ya saka miki. Ke kaɗai kika dube ta."

Ta zuba mata ruwa, ta ajiye mata huhun. Sai da ta ga ta cinye tas sannan ta je wurin wata mai suyar ƙosai ta roƙi gefen murhu, ta ɗora tukunyarta. Kafin ruwan ya tafasa mutane sun kewaye ta. Wani direba mai jar hula ya leƙo yana sakace haƙori.

"Iya, likita ce ke? Ni ma bayana yana ciwo, a yi mini ɗaya mana."

"Naka maganin ka rage surutu," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Aka kwashe da dariya, wannan karon shi ake yi wa. Ta murza kwalbar a tafinta, ta zuƙo zuwa bakin zaren, ta ɗaga sirinjin sama ta duba a hasken rana, ta kamo fatar wuyan ta soka. Magen ko motsi ba ta yi ba. Direban ya cire tsinken daga bakinsa ya ce, "Wallahi ta iya."

Halima ta tambaye ta ko yau za ta koma Bebeji.

"Ba zan koma gidan da ake sa marar lafiya a buhu ba."

Halima ta kai ta rugarsu a bayan Dangora. Mijinta Buba, dattijo mai farin gemu, ya saurari labarin daga farko har ƙarshe bai yi dariya ba. Ya ce shi ya taɓa ɗaukar ɗan maraƙi a kafaɗa yini guda saboda ƙafarsa ta karye, bai ga abin mamaki a nan ba. Ya sa aka share mata bukka. Halima ta nuna mata gindin wata tsamiya mai danshi, nan ta binne tulun. Ƙwan zabi suna da shi da yawa, Toka ta samu abin da take so.

A Bebeji kuwa rumfar Balaraba ta kwana a rufe kasuwa biyu. Maganar gari ta juya. Waɗanda suke tsokanar Maikano da mage su ne yanzu suke cewa Tela ya kori uwarsa. Wani dattijo da ya kawo masa ɗinkin riga ya dawo ya karɓi yadinsa ba tare da ya faɗi dalili ba. Rabi ta daina yi masa magana sai abin da ya zama dole.

A rana ta goma sha ɗaya da tafiyarta, da hantsi, Maikano ya iso rugar yana tura keke. Ya jingine shi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna a gaban mahaifiyarsa. Tana zaune a inuwar tsamiya tana taya Halima kaɗa nono.

"Inna, ina kwana."

"Lafiya."

"Na yi kuskure. Ki yafe mini, ki dawo gida."

Ta ci gaba da kaɗa nonon har ya fara tunanin ba ta ji ba.

"Ka san da na ƙara kwana ɗaya ban zo ba, da gawarta zan tarar?"

"Ban sani ba, Inna. Na zaci..."

"Ba ka tambaya ba. Kunyar 'yan rumfa ka ji, ba ka ji tawa ba." Ta ajiye maburgin. "Na yafe maka. Amma ruwan kwalbar ya kusa ƙarewa, Malam kuma yana Doguwa. Kai za ka shiga mota ka je Kano ka sayo, wannan karon da duk wani karo. Idona kuma ya fara gajiya da layukan nan. Kullum da safe, kafin ka fita rumfa, za ka zo ka duba mini, ka riƙe ta in yi mata. A tsakar gida, ba a ɗaki ba."

Maikano ya dubi Buba da yake tsaye a gefe, ko zai sa baki. Buba ya mai da kansa ga shanunsa.

"Na yarda, Inna."

"To matso. Yau ba a yi ba tukuna."

Ya matso ya miƙa hannu. Toka ta gane shi sarai. Ta kwantar da kunnuwa, ta yi masa huci, ta kai masa yakushi a bayan hannu har jini ya tsattsafo. Ya janye da sauri.

"Ba haka ake yi ba," in ji Balaraba. "Sa hannu ɗaya a ƙirjinta, ɗaya a ƙugu. Kada ka matse. Yi mata magana."

"Me zan ce mata?"

"Ka ba ta haƙuri mana."

Halima ta rufe baki da gefen mayafi. Maikano ya sunkuya, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da ba wanda ya ji, ya riƙe magen yadda aka ce, Balaraba ta soka allurar.

Washegari da sassafe suka kama hanyar Bebeji. Toka tana cikin kwando a bayan keken Maikano yana turawa a hankali, Balaraba tana gaba da ƙwaryarta a ka, Halima ta rako su har bakin titi da ƙwan zabi cikin ƙoƙo.

Magen ta ƙara shekara biyu da wata huɗu a duniya. A tsawon lokacin nan Maikano ya je Kano sau goma sha tara, kuma safiya uku kaɗai ya rasa, lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi. A kwanakin ukun nan Rabi ce ta riƙe.